Godiyar Tiurma ga Fasto Togar

Yayata Tiurma ba ta da saurin rubutu, shi ya sa take zana wa'azi. Shekara goma sha tara mijinta, Fasto Jaulim, yana kiwon ikilisiyarmu a bakin tafkin Toba, ita kuma kowace Lahadi tana bencin gaba da fensir. In ya yi maganar Yunusa ta zana kifi, ta sa aya da kwanan wata a ƙasa.

Da Jaulim ya rasu aka turo Fasto Togar. Sati biyu ya ba ta ta kwashe daga gidan fasto, ya riƙe littattafan da marigayin ke rubuta wa'azinsa, wai kayan ikilisiya ne. Wata Lahadi kuma ya hango ta tana zane, ya dakata a kan bagade.

"Inang, ajin yara yana baya," in ji shi, yana kiranta uwa da yarenmu. Aka yi dariya.

A hanyar gida ta ce mini, "Rosdiana, wa'azin yau na yayanki Jaulim ne. Ko aya bai canja ba."

"To mu je wurin dattawa mana, Yaya."

"Su ce baƙin ciki ya taɓa mini kai? Bar shi ya ci ya ƙoshi."

Ta koma bencin baya, ta ci gaba da zanenta har shekara shida. Sunan Togar ya kai birnin Medan, wata babbar ikilisiya ta neme shi saboda iya wa'azi. Ranar ban kwana dattawan ikilisiyar Medan uku suka zo ɗaukarsa.

Bayan sujada aka shiga zauren cin abinci. Zumuntar mata suka yafa masa ulos, mayafin girmamawa na gargajiyarmu, aka ajiye masa babban kifi a kan shinkafa, kowa yana tashi yana godiya. Sai Tiurma ta miƙe, ni ina biye da kwandon takardu. Ta ɗaura igiya daga taga zuwa taga, ta shanya takardu bibbiyu, tsohuwa da ta yi ja kusa da sabuwa fara. Kifi da kifi, jirgi da jirgi, aya ɗaya. Kwanan wata ne kawai ya bambanta.

"Amang Fasto, na zo godiya," in ji ta, tana kiransa uba da yarenmu. "Wasu matan in sun binne miji shi ke nan. Ni kuwa shekara shida ina jin nawa kowace Lahadi. Allah ya saka maka."

Mutane suka taso suna kallo. Dattijo Sahala, mai gyaran jiragen ruwa, ya tsaya gaban wani zane na tsohuwa tana jan baunar gida daga laka.

"Wannan ba kakarka ba ce, Amang? Wadda ka sa mu kuka a kanta bara?" Ya duba tsohuwar takardar. "Ashe kakarku ɗaya da Jaulim."

Togar ya ce Maganar Allah ba mallakar kowa ba ce.

"Gaskiya ne," in ji Tiurma. "Amma baunar ta surukata ce. Na sha nonon baunar."

Wannan karon dariyar ta fi ta ranar ajin yara. Babban baƙon Medan bai yi ba. Ya bi igiyar daga farko har ƙarshe da hannuwa a baya, sannan ya roƙi aron takarda goma.

Togar ya tafi bai taɓa kifin ba. Mun ji Medan sun karɓe shi, amma a ofis suka ajiye shi, bai ƙara hawa bagade ba. Matarsa, wadda ba ta taɓa yi mana komai ba, ta fita zauren tana kuka, kuma har yau rabin zumuntar mata ba sa gaishe mu saboda ita.

Da muke wanke kwanuka na tambayi Tiurma ko zuciyarta ta yi sanyi.

"Ba sosai ba," in ji ta. "Na so a ce mutanen Medan sun fi uku."