Tuffar Tanti Aglaia a Cikin Madubi

Ba don tausayi na ba da madubin ba, gara in faɗa tun yanzu. Na jima ina neman hanyar rabuwa da shi, don tun da na haura hamsin ya daina jin kunyata, kowace safiya sai ya nuna min tumbi kafin ya nuna min fuska. Saboda haka da 'yata Mirela ta ce suna buƙatarsa, da hannuna na kwance ƙyauren wadirob ɗin da yake manne a jiki. Ga ni nan a matakala ina haki, abokin karatunta Sorin yana riƙe da gindin daga ƙasa.

"Nea Tavi, ɗan ɗaga mana, duk nauyin a kaina yake." A wurinmu Nea ake ce wa babban namiji don girmamawa, babbar mace kuma Tanti.

"Kai ne mai karatun fiziks. Lissafa yadda za ka jure."

Hawa na huɗu muka nufa, wurin Tanti Aglaia. Tsohuwar tela ce, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana Italiya tana jinyar tsofaffin wasu. Tun da ta karye a ƙugu ba ta sake sauka ƙasa ba, benenmu na garin Braila kuwa ba shi da lif. A kicin ɗinta akwai faffaɗan teburin da take yanka yadi a kai, shi ya sa Mirela da Sorin da ƙawarsu Doina suka mai da shi ajin shirin jarrabawar gama sakandare. Ita ta ba su wuri da miyar tsami, su kuma suka ba ta hayaniya.

A bazarar nan ciwo ya kwantar da ita gaba ɗaya. Likita ya duba, ya fito ya ja ni gefe, ya ce a bar ta ta ci duk abin da ranta yake so. Ita kuwa ba abinci ta nema ba. Cewa ta yi tana son ganin bishiyar tuffar da mijinta Nea Grigore ya dasa a gaban bene, kafin furen ya zube. Tagar ɗakinta bangon gareji take kallo, kuma ba ta ɗaukuwa, ko juya ta aka yi sai ta ciji filo.

Doina ta ce za ta ɗauko mata hoton bishiyar a waya.

"'Yar nan, na ce miki hoto nake so? Hoton Grigore ma ina da shi, ga shi can a bango, bai taɓa ce min komai ba."

Dabarar madubin ta Mirela ce. Akwai wata taga a matakala, can sama, sai mutum ya taka kujera yake leƙa titi. A kafa madubi a nan, wani a bakin ƙofa, wani a ƙarshen gado, haske ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso. Suka bi gida gida suna aro. Madam Veta ta hawa na biyu ta ba da na banɗakinta, bayan ta sa sun rantse za su dawo da shi lafiya.

Matsalar ita ce Sorin. Shi kaɗai ne tsawonsa ya kai tagar, kuma shi ne duk ajinsu aka sani babin haske ya gagare shi. A gwajin ƙarshe ya zana hasken yana shiga madubi yana ɓullewa ta baya.

"Kusurwar da ya shigo da ita, da ita zai fita," in ji Doina daga bakin ƙofa. "Sau nawa zan faɗa maka, dogon banza?"

"A takarda na gane. Nan ne ba layi."

"A takardar ma ƙarya kake."

Mirela ta katse gardamar, ta ɗauko ƙwallon roba ta buga a bango a karkace, ta ce ya kalli inda ya nufa. Ta sake bugawa. Sorin ya bi ƙwallon da ido daga kan kujera, madubi a hannu, baki a buɗe.

"Au. Wai dama shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wata guda kana ba mu wahala."

Ni aikina riƙe ƙyauren wadirob a ƙarshen gado. An zaɓe ni ne, in ji 'yata, saboda aikin ba ya buƙatar tunani. Da farko silin muka gani, sai wayoyin lantarki, sai wandon wani a igiyar shanya.

"Wannan na mijin Veta ne," in ji Tanti Aglaia. "Ni na rage masa tsawo. Ku wuce."

Sorin ya ɗaga murya daga matakala. "Ina ne daidai wurin?"

Mirela ta kalle ni. Ni kuma na ga ya kamata in duba takalmina.

"Karkata dama," ta ce. "Ƙara. Can wajen kantin magani."

Sai ga bishiyar, ƙarama kamar a ƙasan rijiya, fara fat da fure, iska tana kaɗa ta. Wata mata ta gifta ta ƙarƙashinta da jakar burodi. Tanti Aglaia ta sa aka gyara mata tabarau, ta daɗe tana kallo. Hannuwana suka fara rawa, bishiyar ma ta kama rawa.

"Tavi, tsaya cak mana. Ko girgizar ƙasa ake?"

"Tsufa ne, Tanti."

"A gabana kake maganar tsufa?" Ta ƙara kallo. "Na ga kamar ta yi nisa. A bakin ƙofa Grigore ya dasa ta."

Mirela ta hau gyara mata filo. Sorin ne ya amsa daga waje, da muryar wanda ya gano abu da kansa. Ya ce dole ta yi nisa, ai tafiyar hasken ake haɗawa, daga bishiya zuwa madubin farko, daga shi zuwa na biyu, har zuwa ido. Doina ta ce yau ya yi magana kamar mutum.

"To," in ji Tanti Aglaia, "tunda karatu ne ya ce."

Daga ranar aka ɗaure madubai da waya da igiyar shanya, ƙofarta kuma ta zauna a buɗe. Duk mai hawa sai ya raɓa ta jikin bango, in ba haka ba ya ji murya daga ciki: "Wane mai ƙaton kai ne ya tare min?" Yaran suka koma kan teburinsu. Sorin har ya fara gyara wa Doina lissafin tabarau, abin da ba ta yafe masa ba har yau.

Furen ya zube, ganye ya rufe. Wata Laraba da rana, suna kicin suna musu a kan wata tambaya, Madam Veta ta leƙo ta ce a kawo kyandir, don a wurinmu ba a barin mutum ya cika ba haske a hannunsa. Mirela ta kunna, ta sa wa Tanti Aglaia a hannu, ta riƙe hannun da nata. Sorin ya tsaya a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai don kada ya tare hanya.

Sai aka zo rufe madubai, yadda ake yi in an yi rasuwa. Tawul ya ƙare, aka koma zanin gado. Madam Veta ta dage sai an rufe har na matakala, mijinta ya ce ai matakala ba gida ba ce. Sorin ya taka kujera ya lulluɓe shi da rigarsa.

Duka ukun sun ci jarrabawar. A fiziks Sorin babin haske ya zaɓa da kansa. Ranar sadakar arba'in ya zo da sakamakon, ya ci dafaffiyar alkama da sukari har ya nemi ƙari, ya ce min in ya zama malami a kan bishiyar nan zai fara ba ɗalibai labari. Na ce Allah ya kai mu.

Tuffar da Nea Grigore ya dasa an sare ta tun kakar bara waccan, lokacin da aka faɗaɗa wurin ajiye motoci; wadda muka nuna wa Tanti Aglaia wata ce, ta wajen kantin magani. A gurbinta nake ajiye tawa.