Tagar Gabas

Aikin Ilu a ofishin masu zanen gini shi ne riƙe tef. Sakandare kawai ya gama. Ya auno fili cikin rana, masu digiri su zana cikin sanyi. A tsaye ya koyi zane a kwamfuta, ta bayan kujerunsu.

Da Alhaji Ɗahiru ya sayi kango a Ƙofar Mazugal zai ɗora bene, shugabar ofishin, Hajiya Aminat, ta kira Ilu.

"Kai ɗan unguwar ne. Zana mini saman. In ya yi kyau ka ajiye tef, a ba ka teburi."

Alhaji babbar taga yake so ta gabas, saboda iska. Ilu ya san abin da ke gabas: tsakar gidan Gwaggo Turai, ƙanwar babansa, inda take daka da wanki da ɗaurin ƙirji tun kafin a haife shi. A cikin birni ba a buɗe taga a kan gidan mutane. Amma Alhaji ya ce in babu ita zai kai aikinsa wani wuri.

Ilu ya zana ta. Hajiya ta ɗora biro a kan tagar a zanen. "Wannan me take kallo?"

"Lungu," in ji Ilu.

Akwai lungun. Akuya ma da kyar take wucewa.

Ya samu teburin.

Bayan gini ya tashi, wata Juma'a ya je gaida Gwaggo. Ya tarar da ita tana tankaɗe a ƙuryar ɗaki, da hijabi, gumi na tsiyaya. An ɗaura tsofaffin buhuna a saman tsakar gida.

"Injiniya! Na ɗauka ka fi ƙarfin tuwona."

"Haba Gwaggo."

"Ka ga abin da aka yi mini? Leburori daga sama har gaishe ni suke yi. Sannu da aiki, Hajiya! Ni da gidana. Wane marar kunya ne ya zana wannan? Kai da kake cikinsu, bincika mini."

"To."

Ta zuba masa tuwo, ta ƙara masa miya. 

Ranar Litinin ya tsaya a gaban Hajiya Aminat ya gaya mata abin da ke bayan lungun. 

"Na tambaye ka, Ilu."

"Kin tambaye ni."

"Ni zan ji da Alhaji." Ta jawo durowa ta fito da tef. "Je ka auno tagar, a toshe da bulo. Teburinka kuma Safiya mai digiri za ta koma kai."

Ya hau benen, ya miƙa tef a bakin tagar. Ta tsakanin buhuna Gwaggo ta hango shi.

"Ilu! Toshewa za a yi?"

Ya ɗaga kai alamar e.

"Allah Ya yi maka albarka! Ka gano marar kunyar?"

Ya sunkuya kan tef, kamar lambobin sun yi masa ƙanana.