Farin Gishiri a Rigar Auta

A shekarun da kuɗin mai suka cika ƙasa, samarin Darki sun watse. Haladu da Bilya, manyan 'ya'yan Malam Ya'u, sun tafi Ikko, sai dai a ji labarinsu a bakin direbobin shanu. Auta kaɗai ya rage, shi ma kullum kunnensa na tasha. Don haka da kamfanin zuba kwalta ya kafa sansani a gefen Wudil, Ya'u ya yi ta sintiri gidan heluma Maikano, shugaban leburorin, har ya samar wa yaron gurbin lebura. In dai yana da aiki a nan, ba zai tafi ba.

"Ka sani fa, Malam," in ji Maikano, "wanda ya kwanta, a ranar ake ba wani shebur ɗinsa. Mutane na nan a bakin wayar shinge suna jira."

Aikin ya zo daidai da bazara. Rana daga sama, kwalta na tafasa daga ƙasa. Auta kan dawo gida da la'asar leɓɓansa a tsage, ya kafa kai a randa sai an ce masa ya isa.

Wata rana Ya'u ya ɗauki rigar aikin yaron daga kan igiya. Inda zufa ta bushe, farin abu ya yi zane a baya da hammata. Ya lasa yatsa ya ɗanɗana. Gishiri! Ya daɗe a tsaye yana juya rigar, sannan ya kira matarsa Barakatu.

"Kin gani? Gishiri ya yi masa yawa a jiki, har fitowa yake ta fata. Shi ke jawo masa wannan ƙishirwa. Daga yau ki ware masa miyarsa, kada ki sa ko ɗigo. Kunun kanwar nan ma a daina."

"Haba, Malam! Ko shanu a bazara ai kanwa ake ba su su lasa."

"Ɗana saniya ne? Ki ci kilishi mai gishiri ki ga in ba ki kwana a bakin randa ba. Abu ne na hankali."

Barakatu ta ɗauko ƙaramar tukunya.

Da Auta ya kai lomar farko ya ɓata fuska. "Inna, yau kuka kika kaɗa ko ruwan wanki?"

"Tambayi likitan gidan, ga shi nan zaune."

"Ci ka yi shiru," in ji Ya'u. "Don lafiyarka ne. Kuma in ka je, ka sha ruwa da yawa, ya wanke sauran."

Auta bai taɓa musa wa mahaifinsa ba. Amma tuwo da miya lami ba ya shiga, sai ya ci kaɗan ya ture kwano. A wurin aiki kuwa akwai tankin ruwa, yakan cika gwangwani ya shanye, ya ƙara, ya ƙara, har cikinsa na ƙugi. Ba a jima ba ya fara kukan ciwon kai. Sha-raɓarsa takan ɗaure tamau har sai Barakatu ta murza masa da man shanu. Ya'u yakan duba rigar, ya ga har yanzu da fari, ya ce saura ne ke fita, a ƙara haƙuri.

Ranar wata Laraba, bayan azahar, wani lebura ya zo a kan keke yana haki. Auta ya faɗi a bakin aiki. Ya yi ta amai, hannuwansa sun ƙanƙame, yana kiran heluma da sunan yayansa Haladu. An sa shi a bayan tifa an kai asibiti.

Ya'u ya iske shi kwance, an rataya masa kwalbar ƙarin ruwa. Malamin asibiti, wani dattijo mai furfura, ya tambaya ko yaron ba ya shan ruwa ne.

"Yana sha, ranka ya daɗe! Ni na ce ya sha. Har gishiri na hana shi don kada ƙishirwa ta dame shi."

Malamin ya ɗago ya dube shi. Bai yi faɗa ba. "Malam, mai zufa irin wannan, ruwa da gishiri yake zubarwa tare. In ya mayar da ruwa kaɗai, jinin ya tsinke. Ka san abin da ke cikin kwalbar nan? Ruwan gishiri ne. Da abincinsa na yau da kullum yake ci, yana shan kununsa, yana samun inuwa yana hutawa, da wuya ya kai nan."

Ya'u ya kalli kwalbar tana ɗiga. Barakatu na zaune a ƙasa gefen gado, ba ta ko waiwaye shi ba.

Auta ya samu sauƙi. Da ƙafafunsa suka yi ƙwari, Ya'u ya sa babbar riga ya raka shi sansani. Maikano ya gaishe su da kyau, ya tambayi jiki, ya tambayi gida, sannan ya nuna wani saurayi ɗan Utai da ke kwasar tsakuwa a gurbin Auta.

"Na gaya maka tun farko, Malam. Ba ni da yadda zan yi."

A hanyar dawowa, da suka hango rumbunan Darki, Auta ya juyo wajen mahaifinsa.

"Baba, Sabo direba zai loda shanu zuwa Ikko ran Juma'a. Ya ce akwai wuri a sama."

"Auta, ka bari damina ta sauka. Gona..."

"Ka yi mini addu'a kawai, Baba."

Ran Juma'a Ya'u ya tsaya a kara, cikin kukan shanu da hayaniyar dillalai. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, ya haye saman motar ya zauna kan katako. Ya'u ya ɗaga murya yana cewa ya gaida su Haladu, ya ce musu su aiko da saƙo ko sau ɗaya. Sabo ya riga ya ta da inji, yaron bai ji ba.