Kujerar Baya

Sailuba ba ta taɓa mance ranar da Dokta Sabo, aminin mahaifinta, ya maishe ta abin dariya ba. Biki za su je Atlanta a ƙaramin jirginsa mai inji biyu, ita kuwa lokacin ta fara koyon tuƙin jirgi, kanta sai rawa yake. Ta roƙe shi ya bar ta ta zauna gaba kusa da shi. Ya dube ta sama da ƙasa a gaban jama'a, ya ce mazaunin mace yana baya tare da kulolin abinci. Haka ta yi tafiyar nan da kular dafa-duka a cinya, tana haɗiye kuka.

Abin ya tsaya mata a rai shekara da shekaru. Ta zama injiniya a garin Sterling, ta samu lasisin tuƙa jirgi mai inji biyu, amma ko gaisuwa ce ta haɗa su sai ta ji ƙamshin shinkafar nan.

Ana nan ciwon zuciya ya kama Dokta, aka hana shi tuƙi, dole ya sa jirgin a kasuwa. Jiragen da suka fi nasa lafiya suna nan birjik, bakanikenta ma ya ce injin hagu ya kusa neman gyara. Ta yi kunnen uwar shegu. Wannan jirgin take so, shi kuma ta saya.

Ranar miƙa makulli a filin jirgin Gaithersburg tsohon ya zo a rame, sai shafa fiffiken yake yi. Ya roƙi alfarma ɗaya, tunda Atlanta za ta fara zuwa, ta tafi da shi ya zauna gaba, ya ƙara ganin sama kafin ya haƙura. Ta ce ba komai.

Washegari ya zo da sabon aski da tabarau na matuƙa. Ya kama hanyar kujerar gaba, ta tare shi.

"Baffa, na auna nauyi. Baya za ka zauna."

Shi ma matuƙi ne, ya san ƙarya take yi. Ya leƙa baya ya ga kula a kan kujera, ya tuna. Ya shige ya zauna. Sailuba ta saurara ko tausayi zai zo mata, bai zo ba. Ta ɗora masa kular a cinya.

"Riƙe da kyau, Baffa, kada ta zube."