Taguwar da Ta Zo da Ƙishirwa

Duk ƙasar Tagriss babu wanda ya kai Malam Jimrau saurin cewa "laifina ne". Ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri. Wannan hali shi ya hana 'yarsa Haula sukuni ranar da jandarmomi suka kawo shi gaban alƙali a Dakoro, ana tuhumarsa da satar taguwa.

Wai sata! Taguwar da ƙafarta ta zo rijiyarsa da bazara, ƙashi da fata, leɓe a bushe, tana ɗingisa ƙafar baya. Jimrau ya ja guga ya shayar da ita, don haka ya gada: dabba in ta ɓata, wanda ta faɗa hannunsa shi ke riƙonta amana. Ya yi cigiya kasuwa-kasuwa har ya gaji. Ta murmure, ta yi tozo, ta haihu. Kwatsam sai ga wani mutum mai suna Abarci daga wajen Korahane, ya ga shaidar gidansu a wuyanta, ko sallama bai yi ba ya zarce wurin jandarmomi.

A bakin gidan shari'a, Kawu Rashidu, ƙanen Jimrau, ya samu ya raɗa masa magana.

"Yaya, ka amsa kawai. Tsoho kake, ga taguwa ta koma hannun mai ita, ɗaurin talala za a yi maka, ka kwana gida yau. In ka musa, kaso za su aje ka sai an tara shaidu. Durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne."

Haula ta rasa abin da za ta roƙa. Ba ta son a kira ubanta ɓarawo, amma tsohon nan tari gare shi, kuma ta ji labarin zafin gidan kaso. Wallahi ranta ya fi karkata ga ya amsa.

Aka shiga, aka karanta tuhuma, mai fassara ya juya ta da Hausa: "Ka yarda ka saci taguwar Abarci?"

Jimrau ya gyara rawani.

"Ranka shi daɗe, an iske taguwa hannuna, gaskiya ne. Sata kuwa ban yi ba."

Kawu Rashidu ya dafe kai. Alƙali ya sa aka nanata masa cewa in ya tsaya a kan haka, tsare shi za a yi har ranar shari'a.

"Na ji," in ji Jimrau. "Da ni kaɗai abin zai ci, da na amsa tun a waje, kowa ya huta. Amma in na ce sata ce, gobe duk makiyayin da ya ga baƙuwar dabba bakin rijiya, korar ta zai yi da sanda, ta tahi ta mutu cikin daji. Wanga laihi ya fi ƙarfina, ba ni ɗaukar shi. A kira masu shelar kasuwa su hwaɗi abin da suka ji."

Haula ta ji kunyar abin da ta so ɗazu, ta kuma ji wani alfahari ya cika mata ƙirji. Ashe tsohon da take yi wa kallon sanyi-sanyi, ya san inda ba a ba da haƙuri.

Alƙali ya yi rubutunsa, ya ce a tafi da Jimrau. Haula ta bi su har ƙofa tana kuka, tana jiran ya bar mata wani sallahu game da gida. Ya tsaya, amma ba ita ya duba ba. Abarci ya duba, wanda ya kawo ƙarar.

"Ɗana, kada ka ɗora mata kaya tukuna, ƙafarta ta baya ba ta gama warkewa ba. Ɗanta kuma a bar shi ya sha nono."

Aka wuce da tsohon yana tari.