Sanyi Sai Ana Gudu

Tun da zuciyar Umma ta kumbura ba ta iya barci a kwance. Da bazara ta shigo, taransifomar unguwa ta ƙone, zaman ma ya gagara. Ɗakinta kwano ne zalla, ba silin. Likita ya ce a kiyaye ta da zafi, bai ce ta yaya ba.

Wuri ɗaya ya rage da take runtsawa: kujerar gaba ta tsohuwar motata.

Ita ma motar da ciwonta. Fankar lagireto ta mutu, don haka esi ba ya sanyi sai ana gudu, iska na dukan gaban motar. In aka tsaya sai ya riƙa hura ɗumi kamar numfashin mutum. Bakanike ya ce ba a samun irin fankar a kasuwa, amma ya sa a nemo.

"Kafin nan kar ka tsaya da esi a kunne," in ji shi. "Injin dahuwa zai yi."

Kullum bayan azahar ni da Yaya, babbar 'yar Umma, sai mu kamo ta zuwa mota. Yaya ta tura mata filo ƙarƙashin ƙafafun da suka kumbura, ta koma shagon ɗinkinta. Ni in hau titin bayan gari, in je ƙarshensa, in juyo, in sake.

"Auta, yau ina muka nufa?"

"Inda muka je jiya, Umma."

"Direban da ba ya isa ko'ina. Da ubanka na da rai, da tuni ya karɓe makullin."

Kafin mu wuce gidan mai na biyu ta yi barci, baki a buɗe, hannu ɗaya riƙe da bel.

Wata rana, a kan gada muka tarar da cunkoso. Tirelar siminti ce ta kife ta tare hanya. Kafin in yi tunanin juyawa, motoci sun cika bayana.

Na dubi Umma. Barci take, irin wanda ba ta samu ba tun jiya. Esi na fitar da sauran sanyin da ya rage. Na ce bari in ɗan jira, yanzu za a buɗe. Allurar zafin inji ta bar tsakiya ta fara hawa.

Direban babbar motar da ke gefena ya leƙo ya ƙwanƙwasa ƙofarsa. Na sauke gilashi kaɗan.

"Maigida, motarka na ƙauri. Kashe esin nan."

"Mara lafiya ce."

Ya dubi Umma, ya dube ni. "Allah ya ba ta lafiya. Amma inji bai san mara lafiya ba."

Na ɗaga gilashin. A waje kwalta na sheƙi, masu sayar da ruwa sun fake a inuwar motoci. Na san in na kashe, cikin motar zai zama tanda, ta farka tana kokawa da numfashi, ba inda zan kai ta. Iskar da ke fitowa ba sanyi ba ce yanzu, amma ta fi ta waje. Na taka totur a tsaye, wai ko zai ƙara. Allura ta shiga ja.

Can gaba na hango an fara jan tirelar da sarƙa. Na ce saura kaɗan.

Injin ya yi tari, ya girgiza, ya mutu. Farin tururi ya taso daga ƙarƙashin bonet. Na murɗa makulli. Ƙas, ƙas, shi ke nan.

Ba a jima ba hanya ta buɗe. Motoci suka riƙa kewaye mu suna ham. Wasu mutane suka taya ni tura ta gefe. Na kira bakanike, na kara masa waya ya ji ƙarar da kansa.

"Ka tsaya da shi a kunne, ko?"

Na sake murɗa makullin.

"To ka bar murɗawa. Ba maganar fanka ba ce kuma, inji za a nema."

Umma ta farka, gumi ya jiƙe wuyan rigarta, kafaɗunta na sama da ƙasa.

"Mun iso?"

"Mun iso, Umma."

A tasi na mai da ita gida, gilasai a sauke, iska mai zafi na marin fuskarta. Mai tasin ya ce esinsa tun daga wajen mai motar na farko ba ya aiki. Yaya na bakin ƙofa. Ta dubi tasin, ta dube ni. Muka zaunar da Umma a kujera, Yaya ta jiƙa tawul ta ɗauko mafici.

Zan fita Umma ta kamo hannuna. Sai da ta huta kafin maganar ta fito.

"Gobe ka zo da wuri, Auta. Yau ban ƙoshi da barcin ba."

Na ce to.