Liƙin Ranar Suna

Haladu bai zo Doha don ya yi aski ba. Mai gyaran esi ne, na'urar sanyaya ɗaki, haka aka rubuta a bizarsa, kuma abin da kafil ɗinsa, wato kamfanin da ya kawo shi, ya sani ke nan. Sai dai ɗan gidan wanzamai ne daga Gumel, kuma randa zai taho mahaifinsa ya cusa masa aska biyu a ƙasan akwati bai ko tambaye shi ba.

Hausawan Doha kuwa akwai haihuwa. Likitoci ne, injiniyoyi ne, malaman jami'a ne, duk wanda matarsa ta sauka sai ya tuna cewa masu shagon aski na unguwar Najma ba sa taɓa kan jaririn kwana bakwai. Sai a nemo Haladu. Ba ya yanka wa kowa farashi, abin da aka ba shi ya karɓa, a haɗa masa da cinyar rago ya kai wa abokan ɗakinsa. Ya san doka sarai: mai bizar aiki ba ya taɓa wata sana'a sai da izinin kafil. Shi ya sa sharaɗinsa ɗaya ne tak, kada a ɗauke shi hoto. Da wannan aiki na esi yake ciyar da mata da yara a gida, ginin da yake yi ma ya kai linta.

Ana nan sai Injiniya Masahudu ya samu ɗa namiji. Masahudu irin mutanen nan ne da ko atishawa suka yi sai duniya ta gani a waya. Ranar suna ya yi ta kiran Haladu kamar zai fasa masa aljihu, wai baƙi sun cika gida a Umm Salal, wanzami kaɗai ake jira. Haladu yana aikin safe, bai samu damar komawa ɗaki ya sake kaya ba, ya taho da rigar kamfani a jikinsa, tambarin nan ɓaro-ɓaro a ƙirji. Tun a bakin ƙofa ya tuna wa mai gida sharaɗin. Masahudu ya dafa ƙirji ya ce ai wannan ba sai an faɗa ba.

Ya jiƙa kan yaron, ya yi bismilla, ya ɗora aska. Ya iso daidai maɗiga ke nan, inda ko numfashi mutum yake taka-tsantsan da shi, sai ya ji an manna masa takarda a goshi. Masahudu ne ya fara liƙi, yana kiransa sarkin aska. Abokai suka taso, riyal na zuba, wayoyi suka tashi sama. Haladu yana ganinsu ta gefen ido, amma wa zai saki kan jariri da aska a hannu don ya kare fuskarsa? Ya cije leɓe ya gama aikinsa, zuciyarsa na tafasa.

Kafin la'asar bidiyon da Masahudu ya ɗora ya zaga gari, har da lambar wayarsa a ƙasa da kiran jama'a su neme shi. Ranar Lahadi manaja ya kira shi ofis ya juyo masa da waya: ga rigar kamfani, ga aska, ga kuɗi a goshi. Haladu ya yi bayani har bakinsa ya bushe, cewa al'ada ce, ko mawaƙi ko amarya haka ake yi musu. Manajan ba mugu ba ne. Ya ce in mai gidan zai zo kafin Alhamis ya shaida cewa taron 'yan uwa ne, ba hayarsa aka yi ba, za a tsaya a gargaɗi. In bai zo ba, khalas, aiki ya ƙare.

Abu mai sauƙi, in ji Haladu a ransa. Ashe bai san wanda ya aske wa ɗa ba. Wayar da ta hana shi sakat ranar suna yanzu ringin kawai take yi. Saƙo ya shiga, an karanta, shiru. Ranar Laraba ya wanke ƙafa ya tafi Umm Salal, Masahudu ya tare shi a waje, ko tabarma bai ba shi ba.

"Malam Haladu, ka san ƙasar nan. In na shiga ofishinku sunana ya shiga maganar. Ga shi ina nema wa Hajiyarmu biza."

"Injiniya, ni ne fa na ce kada a ɗauka."

"To ai talla na yi maka. Laifi ne don mutum ya so ka da alheri?"

Haladu ya dube shi, ya juya. Da ya ƙara minti ɗaya a wurin da sai an kira 'yan sanda. Tun da yake bai taɓa jin ya tsani mutum haka ba, kuma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne mutumin da gaske yake ganin ya kyauta.

Alhamis ta zo ta wuce. Aka soke masa iƙama, wato takardar zama, aka yanka masa tikiti. Waɗanda ya aske wa 'ya'ya suka yi ta aiko masa da Allah ya sa haka ya fi alheri, babu wanda ya tako Najma inda yake. Masahudu kuwa ya aiko direbansa da kuɗi a ambulan, wai a sha ruwa a hanya.

Ranar Juma'arsa ta ƙarshe, bayan an sauko daga masallaci, Haladu ya nufi gidan abincin nan na unguwar Mansura inda manyan Hausawa ke haɗuwa cin tuwo. Ya yi sallama, aka amsa ana sunkuyar da kai. Masahudu yana tsakiya, hannunsa cikin miya. Haladu ya tsaya a kansa, ya yage ambulan ɗin, ya zaro takarda ya manna masa a goshi. Zufa ta riƙe ta. Ya ƙara wata, ya ƙara wata, wasu na zamewa cikin kwano, yana yi a hankali yadda ake yi wa angon ƙarni, har ambulan ta ƙare. Masahudu ya kasa ko ɗaga hannu ya share.

Sannan Haladu ya dubi sauran ɗaya bayan ɗaya.

"Ranku ya daɗe, yau na ba da izini. Ku ɗauka."

Babu wanda ya taɓa wayarsa.